Rabon taki ba ya maganin cutar masara



Tunda aka fara haɗa jerin buƙatun da ɓangarenmu zai miƙa wa duk mai neman tikiti a 2027, abin da kowa ke kawowa shi ne hanya, burtsatse, taransfoma, guraben aiki, sai kuma taki. Duk ina goyon baya. Amma da na ce a ƙara layi ɗaya a kan cututtukan masara da malaman gona, wani babba a cikinmu ya yi dariya ya ce mu 'yan Unguwar Dosa wace gona gare mu, ko a kan kwalta za mu shuka? Babba ne, ban ja da shi a gaban mutane ba. Amma maganar tana buƙatar amsa, saboda na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Duk wanda ke aune a kasuwar Kawo ranar Talata yana da gona, ko ya sani ko bai sani ba. Gonarsa tana Saminaka, tana Giwa, tana Soba da Ikara da Kubau, don daga can mudun da yake saye yake fitowa. In tsutsa ta ci masara a can cikin Yuli, mai koko a layinmu za ta rage ludayi kafin azumi, mai kiwon kaji zai ƙara wa kiret ɗin ƙwai kuɗi, tunda masara ce fiye da rabin abincin kaza. Ban da wannan, ku ƙirga a layinku kawai mutum nawa ne ke tashi da asuba ranar Asabar ya nufi Rigachikun ko Birnin Yero ko Maraban Jos. Malaman makaranta ne, 'yan fansho ne, masu keke Napep ne, kowa ya kama 'yar kadada ɗaya ko biyu don albashi ya daina kai wata. Waɗannan su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin ba su tashi a gona ba, sau ɗaya suke ganin shukarsu a mako, kuma duk abin da mai shagon magani ya faɗa musu shi ke nan.

Jihar Kaduna ce ake sa wa a gaba in ana lissafin masu noman masara a Najeriya, muna kuma tinƙaho da hakan a kowane taro. To amma yaya aka yi muka kai nan? Ku tambayi tsofaffi. A zamaninsu dawa da gero ne abinci, masara 'yar bayan gida ce, a gasa a ci kafin sabon hatsi ya shigo. Abin ya canza ne daga 1975, lokacin da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Funtua a lokacin tana cikin tsohuwar jihar Kaduna, sai 1987 aka cire Katsina. Abu uku shirin ya haɗa a lokaci guda: ingantaccen iri, takin zamani, da malamin gona a kan babur wanda ke da ranar zuwa ƙauyenka, shi ma kuma ana kiransa horo a kai a kai. A 1992 Sasakawa ta shigo, ta fara da Kaduna da Kano, da salon ƙaramar gonar gwaji a cikin gonar manomi, ya gani da idonsa. Da kuɗin Bankin Duniya suka ƙare sai babur ya lalace ba gyara, malamai suka yi ritaya ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba. A cikin ukun nan, guda ɗaya ne 'yan siyasa suka riƙe gam, kuma kun san wanne ne. Buhun taki yana ɗaukar hoton ɗan takara, ana jera shi a fili, a kira 'yan jarida, a yanka kyalle. Shi kuwa malamin gona aikinsa a cikin taɓo yake, ba mai ɗaukarsa hoto. Wannan laifin duk gwamnatocin da suka wuce sun yi tarayya a ciki, namu da na wasu, kada wani ɗan data ya ce da ogansa nake.

Yanzu bari mu shiga gonar. Mutum ya je ranar Asabar ya tarar masararsa ta yi ɗorawa, ba ta tashi. Abu na farko da zai zo masa shi ne yunwa take ji, sai ya ranto kuɗi ya sayo yuriya. Wani lokaci ya yi daidai. Idan yunwar taki ce, ganyen ƙasa, wato tsofaffin, su ke fara canza launi, daga tsinin ganye abin ya biyo jijiyar tsakiya. Wannan in ka ba ta yuriya, cikin kwanaki za ka ga ta farfaɗo.

Amma idan ka ga zane-zane farare ko ruwan ɗorawa, sirara, a tsinke a tsinke, sun bi tsawon ganyen har da sababbin ganyen sama, wannan cutar bairos ce. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai tsalle ne ke ɗauko ta daga ciyawa ko daga masarar da ta kamu ya kai wa mai lafiya. Ba ta da maganin feshi. Ko tirela guda ta yuriya ka juye mata, tushen da ya kamu yana ƙarami ba zai yi goyon kirki ba. Abin yi shi ne a tuge waɗanda suka kamu da wuri, a yi shuka da farkon damina maimakon a makara, sannan uwa uba a shuka irin da ke jure mata. Irin nan kuwa ya daɗe da samuwa. Cibiyar IITA ta Ibadan ta ci lambar yabo ta duniya a 1986 saboda samar da masara mai jure wannan cuta. Kusan shekara arba'in ke nan, amma har gobe akwai wanda zai je kasuwa ya auno masarar tuwo ya shuka, don ba wanda ya taɓa zama da shi ya bambanta masa hatsi da iri.

Na uku shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Shi ma zai sa masara ta tsumbure ta yi yaushi kamar fari ake yi alhali ƙasa a jiƙe take. Muguntarsa ita ce a ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwa yana tsotsa, kafin ka ga furensa mai kyau ɗin nan ya riga ya gama ɓarnar. Tushe ɗaya yana zubar da 'ya'ya dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran a shuka masara ko dawa. Taki yana rage masa ƙarfi, gaskiya ne, musamman na gargajiya, amma ba ya kashe 'ya'yansa. Sai an riƙa cire shi kafin ya yi fure, a fitar da shi daga gonar, a juya shuka da waken suya ko gyaɗa, a nemi iri mai jure shi kamar SAMMAZ 15. Wanda ya karɓi hayar gona a hanyar Zariya bai tambayi tarihinta ba, shi ke gadon ƙudujin wani.

Sai cututtukan fumfuna da ke tasowa lokacin marka. Akwai mai ƙona ganye ta bar dogayen tabo masu launin toka, ta faro daga ƙasa tana hawa. Akwai tsatsa, wadda in ka shafa ganyen za ka ga jan gari a hannunka. Mutum ya ga wannan sai ya ɗauko ragowar maganin ƙwari ya fesa, alhali maganin ƙwari ba ruwansa da fumfuna. Ita mai ƙona ganyen a cikin tsohon kara da ganyen bara take kwana, don haka wanda ke maimaita masara a kan masara shekara da shekaru kiwonta yake yi.

Kun ga ciwo huɗu ke nan, daga nesa duk kamarsu ɗaya, maganinsu kuwa ko kusa. A cikinsu guda ɗaya ne kawai buhun Honorabul ke warkarwa.

Tsutsar nan da ake ce wa sojan masara kuwa, ba ma sai na gabatar da ita ba. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma a nan Najeriya aka fara ganinta a Afirka, a farkon 2016. Cikin shekara biyu ta game kusan duk ƙasashen kudu da Sahara. Uwar tana tashi da dare ta yi tafiya mai nisa, mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da dubu. Sirrinta ɗaya ne, lokaci. Tana ƙarama tana kankare ganye ya zama kamar leda, a nan ake cin ƙarfinta. In ta girma ta shige cikin maƙogwaron masarar ta toshe bakin da kashinta mai kama da garin katako, to maganin sai dai ya wanke ganye. Shi ya sa masana suka ce a riƙa zagaya gona tun shuka tana ƙarama, a tsaya wuri biyar daban-daban, a duba tushe goma a kowane wuri, sannan in za a yi feshi a yi da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfon cikin maƙogwaron. Amma me muke gani? Yaro da rana tsaka, ba takalmi, ba abin rufe hanci, an haɗa masa magani uku a jarka ɗaya wai don ya fi ƙarfi. Tsutsa tana ciki lafiya lau, yaron ne zai kwana da ciwon kai. Wannan bayanin da na yi bai kai na minti biyar ba. Ba ya buƙatar kwangila. Mutum kawai yake buƙata wanda aikinsa ke nan, ya isa gonar a makon da ya dace.

Kuma wallahi ba yau aka fara yi mana wannan darasin ba. A 2016 ɗin dai tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta share gonaki, har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A 2023 cutar fumfuna ta faɗa wa citta a Kachia da Kagarko da Jaba, mutanen da suka zuba duk jarinsu suka tono ruɓaɓɓe. Kowane karo tsarin iri ɗaya ne: manomi ya gani, bai san wa zai faɗa wa ba, sai abin ya kai gidan rediyo, sannan a kafa kwamiti, a zo jaje. Tumatir da citta mun iya jure rashinsu na shekara guda, an koma miyar kuka an wuce wurin. Ranar da irin wannan ta sami masara fa? A Kenya wata cuta mai busar da masara gaba ɗaya ta ɓulla a 2011, ta bazu ƙasashen gabashin Afirka. Ita kanta Amurka da duk iliminta, a 1970 cutar ƙonon ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masararta, saboda yawancin gonakin ƙasar iri masu asali ɗaya aka shuka. Wannan na Amurka ina so masu son a ba ɗan kwangila ɗaya ya kawo iri ɗaya a raba wa duk jiha su riƙe shi da kyau.

Akwai wadda ta fi damuna, don ita ba a gona take tsayawa ba, cikin tukunya take biyo mu. Masarar da ta sha fari, ko tsutsa ta huda goyonta, ko aka shanya ta a ƙasa ruwa ya taɓa, ko aka ɗura ta a buhu ba ta gama bushewa ba, tana kama wata fumfuna mai fitar da guba da ake kira afalatoksin. Dahuwa ba ta kashe wannan guba. Tana taruwa a jiki ta taɓa hanta, tana cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanta, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta gurɓace da ita. Yanzu ku yi tunani, in manyan kamfanonin abincin kaji suka gwada masara suka ƙi ta, ina take komawa? Ba a zubar da ita. Kasuwa take dawowa da ɗan sauƙin farashi, kuma mai sayen mai sauƙi mun san shi, maƙwabcinmu ne mai 'ya'ya takwas. IITA ta samar da maganin rigakafi mai suna Aflasafe, ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta da guba, ana watsa kilo 10 a kadada mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da kai, sai ta kore mai gubar. Ku tambayi manoma goma a unguwar nan ko sun taɓa jin sunansa. Mun yi dalar masara a Kaduna a 2022, an yi ta hotuna, amma ban ji wanda ya tsaya ya yi wa jama'a bayanin yadda za su shanya tasu a kan tamfol maimakon gefen titi ba.

Abin haushin shi ne ilimin nan ba daga Turai za a yo odarsa ba. Yana Samaru, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintuna daga Kawo ba in hanya ta yi kyau. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tun 1922 take, ita ke fitar da duk irin da kuka ji an ce SAMMAZ kaza. Cibiyar NAERLS mai kula da isar da bincike ga manoma a duk ƙasar nan ita ma tana can. A 2024 aka fitar da masarar TELA, iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, waɗanda aka ce suna jure tsutsa da matsakaicin fari. Na san cece-kucen da ake yi a kanta saboda an taɓa ƙwayar halittarta, na kuma san a cikinmu akwai masu ƙinta ƙwarai. Ni ra'ayina, a bar manomi ya zaɓa, amma a rubuta masa a jikin leda abin da yake saye, a kuma faɗa masa gaskiya cewa iri mai aure, kowane iri ne, ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa a sami yadda aka samu da farko. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar muhawarar a hannun masu tura saƙon murya a WhatsApp, alhali malaman da suka yi aikin suna nan da ransu a Zariya, ba wanda ya gayyato su ko da zauren mai unguwa.

Wani zai ce ana maganar tsaro kana maganar tsutsa, mutanen Birnin Gwari da Giwa shekara nawa suka yi gona tana gagararsu? Gaskiya ne, kuma tsaro na sama da komai a takardarmu, haka ya kamata. Amma wanda gonarsa ta nesa ta gagare shi ya dawo ya matsu a 'yar ta kusa da gari, shi ne ya fi buƙatar kada ya rasa ko dami ɗaya. Wani kuma zai ce ai damuwar manomi yanzu farashi ne: tun da aka cire tallafin mai a 2023 taki da magani da kuɗin tarakta suka tashi, sannan aka buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji a 2024, masara ta faɗi, har wasu suka rantse sun bar ta. Wannan ma gaskiya ne. To ai a irin wannan lokacin ne asarar buhu uku a cikin goma ke raba mutum da jarinsa. Da riba tana da kauri ana iya yin sakaci a sha. Yanzu ba wannan sararin.

Don haka ga abin da nake so a rubuta, kuma a rubuta shi da lamba don kada a ce mana "za a duba". Jihar nan mazaɓu 255 gare ta. A ce kowace mazaɓa tana da aƙalla malamin gona ɗaya, waɗanda ake noma sosai a ba su fiye da haka, da babur, da kuɗin mai da ke fita duk wata daga Mayu zuwa Nuwamba, da lambar wayarsa a manne a ƙofar mai unguwa da masallacin Juma'a da coci. In ya ga abin da bai gane ba ya ɗauki hoto ya tura Samaru, a amsa masa cikin kwana biyu. Duk rabon taki ya zo da iri mai shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa, irin ledar da ake kankarewa a tura lamba a tabbatar, kuma ya iso a Afrilu ko Mayu. Irin da aka raba a ƙarshen Yuli sunansa abincin kaji. A kuma nemi NAFDAC ta riƙa shiga kasuwanni kafin damina, domin maganin jabu da wanda ya gama aiki aka sake masa takarda suna kashe manomi fiye da tsutsar.

Sai dai a nan zan taɓa mu kanmu, ku yi haƙuri. Ranar da aka ce an amince za a ɗauki malaman gona, na san abin da zai biyo baya: kowane shugaba zai zo da sunayen yaransa, a raba gurabe kamar naman Sallah. Mun ga yadda wani ɓangare na N-Power na noma ya kasance bayan 2016, akwai waɗanda suka yi aiki tsakani da Allah, akwai kuma waɗanda alat kawai suka sani. In haka za a yi gara a bar kuɗin. Muna da yaran da suka gama kwalejin aikin gona ta Samaru da ta Mando suna zaune, wasu suna tuƙa keke, wasu suna sayar da kati. A yi musu jarabawa a cikin gona, a nuna musu ganye huɗu su bambanta, wanda ya ci a ɗauke shi ko ɗan wace jam'iyya ne. Ni shugaban matasa ne, na san wannan maganar za ta rage mini masu gaisuwa, amma malamin gonar da bai san ƙuduji ba ya fi rashinsa illa, tunda shi za a yarda da shi.

Kuma kada a ce wannan aikin gwamna ne kaɗai. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen aikin gona da ma'aikata a takardar albashi, sannan tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ɗan majalisar da za mu tura Lugard Hall shi zai zauna a kan kasafin kuɗi, shi zai ga nawa aka ware wa hukumar KADA don fita gona, nawa aka saki. Saboda haka duk mai neman kansila, ko ciyaman, ko majalisa, in ya zo neman goyon bayanmu, bayan an gama gaisawa a tambaye shi malaman gona nawa ne a ƙaramar hukumarsa, kuma yaushe rabon da a ba su kuɗin mai. In bai sani ba, a ba shi mako biyu ya je ya tambayo, sannan a ci gaba da maganar tikiti.